Amina Bisa Dokin Tagulla: Sharhi Kan Mutum-mutumin Legas da Alƙalamin Marubutanmu

Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Zariya ya san cewa filin Ƙofar Fada, a nan Kwarbai, shi ne cibiyar gari. Nan fadar Sarkin Zazzau take, nan Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, nan kuma mahaya ke sakin linzami ranar hawan salla. Da a ƙasashen Turai ne, da tuni an girke wani ƙaton doki na tagulla a tsakiyar wannan fili, an ɗora masa wani sarki ko wani mayaƙi. Mu ba mu gaji wannan al'ada ba, kuma matsayin addininmu game da sassaƙa surar mai rai sananne ne ga kowa. Saboda haka mutum-mutumin da ya fi shahara na wani ɗan ƙasar Zazzau bisa doki, wato na Sarauniya Amina, can Legas aka kafa shi, nesa da ganuwar da ake kira da sunanta.

Manufar wannan sharhi ita ce mu bi tarihin wancan mutum-mutumi, mu auna shi kamar yadda mukan auna littafi, sa'an nan mu dubi irin tasirin da ya yi a kan alƙalaminmu. Domin kuwa muna ganin cewa Aminar da galibinmu ke rubutawa a yau, daga jikin wancan doki aka kwafo ta, alhali tsofaffin littattafan tarihi sun ba mu wata Aminar da ta fi wannan faɗi da zurfi.

Tarihin Dokin Iganmu

Wani gwanin sassaƙa mai suna Ben Ekanem ne ya ƙera mutum-mutumin a 1975, lokacin da Nijeriya ke shirin karɓar baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC. Da kankare da tagulla aka yi shi, aka kafa shi a mashigar Babban Zauren Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a Legas. An fara ginin wannan zaure a zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kammala shi a 1976 a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, kuma daga wani zaure da ke birnin Varna na ƙasar Bulgeriya aka ɗauko fasalinsa. Bikin kansa an yi shi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Abin lura a nan shi ne, dawaki masu rai Kaduna aka tara su domin babban hawan daba na bikin, dokin da ba ya numfashi kuwa aka bar shi a bakin teku.

Yana da kyau mu lura da shekarar. A 1975 shekara 5 ke nan da gama yaƙin basasa, soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma na shigowa. Ƙasa tana neman gwarazan da za ta nuna wa baƙi, waɗanda suka rayu kafin zuwan Turawa, domin ta ce ita ma tana da tarihi. A wannan shekara ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin matan duniya, har aka buga kan sarki mai ɗauke da zanen Amina. To, mace wadda ta yi yaƙi, ta ci garuruwa, ta haɗa ƙasashe a ƙarƙashin tuta guda, ai gwamnatin soja ba za ta sami wadda ta fi ta dacewa da bukatarta ba. Wato ke nan Aminar Iganmu 'yar zamaninta ce, an ƙera ta ne domin ta amsa tambayar da Legas ke yi a 1975.

Mutum-mutumin bai yi tsawon rai ba. Ruwa da rana da iskar teku suka yi ta cinsa, har ya lalace a 2005. Masu gini sun san yadda abin yake: danshi mai gishiri kan ratsa kankare ya tarar da rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage. A 2014 aka sake yin wani a madadinsa, wanda mai aikin bai sa sunansa a jiki ba. Shi kansa zauren an yi masa babban gyara, aka kuma sauya masa suna a 2024 domin girmama Wole Soyinka. Shekara 30 kacal aikin Ekanem ya yi a tsaye, alhali ganuwar ƙasa da aka jingina wa Amina ta yi ɗaruruwan shekaru, ko da yake ita ma muna kallo ana haƙe ta ana gina gidaje a kanta.

Doki a Dandali

Kafin mu yanke wa aikin hukunci, ya kamata mu san gidan da ya fito, domin ɗora mai mulki bisa dokin tagulla tsohon salo ne mai ƙa'idojinsa, kamar yadda waƙar yabo take da nata. A birnin Rum akwai na Sarki Markus Oriliyas, wanda aka zuba wajen shekara ta 175. An narkar da takwarorinsa da yawa, shi kuwa ya tsira domin mutanen baya sun zaci Konstantin ne, sarkin da ya karɓi Kiristanci. A 1981 aka ɗauke shi domin gyara, daga baya aka shigar da shi gidan tarihi, aka kafa kwafinsa a dandalin. A Alƙahira an kafa na Ibrahim Basha a 1872, aka sauke shi lokacin boren Urabi a 1882, daga baya aka sake tsai da shi. A Hartum Ingilishi sun kafa na Kicina, wanda ya ci ƙasar da yaƙi, amma 'yan shekaru kaɗan bayan Sudan ta sami 'yanci a 1956 aka kwance shi aka mai da shi Ingila.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne. Mutum-mutumin dandali magana ce ta mai iko, kuma ya fi ba da labarin wanda ya kafa shi a kan wanda aka siffanta. In iko ya sauya hannu, sai a sauke shi, ko a sauya masa suna, ko a sauya masa ma'ana.

Akwai kuma misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, mu marubuta. A 1782 aka buɗe dokin tagulla na Sarki Pita a birnin Pitasbag na ƙasar Rasha. A 1833 mawaƙinsu Pushkin ya rubuta doguwar waƙa a kansa. Ya yabi sarkin da birnin da ya gina, amma tauraron waƙar wani ƙaramin akawu ne wanda ambaliyar 1824 ta hallaka masa budurwa, ya zautu, har ya riƙa jin dokin tagullan na bin sa a guje cikin dare. Maƙeri ya nuna wanda ke kan sirdi, mawaƙi kuma ya nuna wanda ke ƙarƙashin kofato. Wannan rabon aiki shi ne muke so mai karatu ya riƙe.

Abin da Ido Ya Gani

Mu ba Ekanem haƙƙinsa. A duniyar da kusan duk dawakin dandali maza ne a kansu, ya ɗora mace, kuma Bahaushiya, a ƙofar zauren da baƙi daga ƙasashe fiye da 50 za su ratsa. Mai sassaƙa ƙiftawar ido ɗaya kawai yake da ita, ba shi da babi na biyu, dole ya zaɓi tsayuwa guda wadda mai wucewa cikin mota zai fahimta nan take. Ya zaɓi Amina bisa doki da takobi a zare. A ma'aunin sana'arsa, zaɓin ya biya bukata.

To, amma a idon wanda ya tashi yana kallon hawa a Ƙofar Fada, akwai abubuwa biyu da ba su zauna daidai ba. Na farko, zare takobi da sukuwa aikin barade ne da masu kawo gaisuwa. Sarki kuwa tafiyar ƙasaita yake yi, a ƙarƙashin laima, fuska a rufe da amawali, kuma rashin gaggawarsa ita ce alamar ikonsa. Gaskiya ne hawan yau ba shi ne fitar yaƙi ta ƙarni na 16 ba, amma tunanin Bahaushe game da mulki bai taɓa rabuwa da natsuwa ba. Saboda haka abin da mutum-mutumin ya nuna jaruma ce, mai mulkin kuwa ba ta fito ba.

Na biyu, ita kaɗai ce. Babu zagage, babu 'yan lifida, babu 'yan sulke, babu masu kakaki da tambari, babu maroƙi. A wurinmu, in aka ga sarki shi kaɗai bisa doki da takobi tsirara, to ba lafiya ba, ko dai an ci shi da yaƙi ko yana gudun tsira. Sarauta jama'a ce. Salon dokin dandali ya zo mana da tunanin gwarzo tilo wanda shi kaɗai ke juya tarihi, kuma wannan tunani ne ya fi yi wa rubutunmu illa.

Abin da Littattafai Suka Ce

Bari mu koma ga tushe. Tsofaffin madogara biyu ne aka fi dogara da su. Na farko shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812 kafin ya zama Sarkin Musulmi. Ya bayyana cewa Amina ta yaƙi ƙasashe har Katsina da Kano suka ba ta gandu, yaƙinta ya nausa kudu da yamma, kuma ta rasu a wani wuri mai suna Atagara, wanda wasu ke dangantawa da yankin Idah. Na biyu shi ne Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Shi ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438. Ya ce ikonta ya kai Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, a zamaninta ne kayan ƙasashen yamma suka shigo ƙasar Hausa, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙe.

A nan matsala ta taso. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya Bakwa Turunku, wadda Amina ta fito daga tsatsonta, wajen 1536, kuma sunan Amina kansa ba ya cikin jerin. Shekarun 1576 zuwa 1610 da ake koya wa yara a makaranta lissafi ne na manazarta, kuma in mai karatu ya ɗebe wannan daga wancan zai ga shekara 34 ɗin nan ce ta Tarihin Kano aka ɗora a kan lissafin Zazzau. Tsakanin ƙaulin biyu akwai tazarar kusan shekara 150. Har yau masana na muhawara ko ta hau gadon sarauta sosai, ko kuwa gimbiya ce mai riƙe da rundunar yaƙi. Sauran labaran da muka saba ji, irin su wasa da wuƙa tun tana yarinya, da ƙin aure, da kwana da namiji a kowane gari a kashe shi da safe, daga bakin jama'a suka fito, kuma sun ƙara bazuwa bayan ɗan littafin nan Amina Sarauniyar Zazzau da aka buga a Zariya a 1954 ba tare da sunan marubuci ba.

Yanzu mu dubi dukiyar da ke kwance cikin waɗannan 'yan layuka. Goro 10,000 ƙwarya 100 ke nan a lissafin 'yan goro. Daga wane kurmi aka tsinko shi, fatake nawa suka ɗauko shi, ta yaya aka hana shi bushewa a hanya, kuma yaya garin da bai saba da goro ba ya karɓe shi har ya zama abin ɗaurin aure da raɗin suna? Babanni 40 kuwa 'ya'yan wasu ne, an raba su da iyayensu, an yi musu abin da ba ya gyaruwa, sa'an nan aka damƙa musu sirrin fada. Ganuwa ita ma ba takobi ke gina ta ba. Sai an haƙa ƙasa, an kwaɓa, an yi tubali, an ɗebo ruwa, an ciyar da dubban ma'aikata, 'ya'ya da bayi, rani bayan rani. Wadda ta iya tsara wannan aiki ta san haraji, ta san rumbu, ta san yadda ake sarrafa hakimai. Duk wannan babu ko ɗaya da zai iya hawa dokin tagulla, amma kowannensu zai iya ɗaukar littafi guda.

Akwai kuma batun matsayin mata. Binciken M.G. Smith kan mulkin Zazzau, wanda aka buga a 1960, ya nuna cewa a tsarin sarakunan Haɓe akwai sarautun mata irin su Sarauniya da Iya, kuma bayan jihadi sarautar Iya ta koma hannun maza. Wannan yana nuna cewa Amina ba daga sama ta faɗo ba. Ta fito ne daga tsarin da mata ke da kujera a cikinsa. In muka zana ta a matsayin mace ɗaya tilo da ta yi abin maza, mun shafe sauran matan da suka riƙe muƙamai, mun kuma ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci, wato yaya aka yi waɗannan kujeru suka salwanta.

Ina Marubutanmu Suka Tsaya?

Maƙeran fari suna da wata hanya ta zubin tagulla. Sukan siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, su ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce su fasa yumɓun. Saboda haka kowane zubi ɗaya ne tak, ba shi da na biyu. Mu kuwa, in aka zo batun Amina, mazubin bulo muka riƙe. Galibin waƙoƙi da gajerun labarai da wasannin makaranta da ke ratsa hannunmu fasalinsu ɗaya: an haife ta, ta ɗauki wuƙa, ta ƙi aure, ta hau doki, maza sun gudu, ta mutu. Ba ta shakka, ba ta kuskure, ba ta tsufa, ba ta da abokin shawara. Ko fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021 cikin harshen Ingilishi, ƙarfinsa ya fi karkata ga fagen fama da soyayya. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ga shi mu masu ɗakin muna kwafar zanen da aka yi domin baƙi.

Abin mamaki shi ne, tun farkon ƙagaggun labaranmu an nuna mana hanyoyi biyu, kuma duka a nan Zariya aka buga su, bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ganɗoki na Bello Kagara shi ne dokin tagullan zube, gwarzo ne da ke ba da labarin kansa, yana sara yana suka, ba ya gajiya. Yana da daɗin karatu, domin harshensa na kirari ne da tumasanci. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya dubi zamanin hare-haren bayi ta idon yaron da aka sace, da uwar da ta ratsa Sahara tana cigiyar ɗanta. Mun gaji hanyar Ganɗoki mun yi ta maimaitawa, hanyar Shaihu Umar kuwa ta yi ciyawa, alhali ita ce ke sa mai karatu ya ajiye littafi ya yi shiru.

Ba cewa muke a rage wa Amina daraja ba, kuma ba cewa muke marubuci ya zama malamin tarihi ba. Ƙaga labari haƙƙinsa ne. Inda littattafai suka yi shiru ko suka saɓa wa juna, nan ne filin nomansa. Sharaɗin kawai shi ne ya san inda tarihi ya tsaya da inda ƙagensa ya fara, kada ya sayar wa yara tatsuniya da sunan tarihi. Ga masu sha'awar gwadawa, musamman sababbin marubuta, muna ba da shawara uku. Ta farko, a taka ƙasa: a je Turunku, a hau Kufena, a zagaya abin da ya rage na ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, a zauna da dattawa da maroƙan fada, a kuma leƙa Suleja, inda zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka koma bayan jihadi. Ta biyu, a karanta: Gidan Arewa a Kaduna da Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ba su yi mana nisa ba. Ta uku, a sauya mai ba da labari. A ba mu Amina ta bakin zaginta, ko baiwar da ke yi mata kitso, ko maginin da ya binne ɗansa a gindin ganuwa, ko ɗaya daga cikin babannin nan 40, ko ƙanuwarta Zariya, wadda gari ya ɗauki sunanta amma labari ya manta da ita. 'Yan'uwanmu mata marubuta, waɗanda suka ƙware wajen fito da zaman cikin gida da kishi da siyasar tsakar gida, su ne suka fi kowa cancantar shiga wannan fage.

Kammalawa

Ba mu kira a kafa doki a Ƙofar Fada ba, kuma ba ma ganin Zazzagawa sun yi asarar komai don babu shi. Al'ummarmu ta zaɓi ta ajiye tarihinta a cikin kirari da waƙa da sunayen ƙofofi da unguwanni da kuma littafi. Amma wannan zaɓi yana da nauyi, kuma a wuyan marubuta nauyin yake. Inda wasu ke da maƙera da masu sassaƙa da za su tuna musu da magabata, mu alƙalami kawai muke da shi. In muka yi sakaci, jikokinmu za su san Amina ne ta hoton wani mutum-mutumi da aka yi domin wata bukata ta 1975, wanda shi kansa bai wuce shekara 30 ba.

Ben Ekanem ya yi nasa, gwargwadon abin da kankare da tagulla za su iya ɗauka. Saura namu. Muna fatan kafin fitowa ta gaba wani daga cikin membobinmu zai aiko mana da babin farko na labarin da Amina za ta sauka daga kan doki, ta zauna a zaure, ta saurari ƙarar talakawa, ta ƙidaya goro, ta yi fushi, ta yi nadama, mu ji muryarta da ta mutanen da suka ɗauki nauyin mulkinta. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga mai irin wannan aiki, haka kuma ga duk wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa. Allah Ya yi mana jagora.